Shekarar da Malam Nehemiya Ya Sake Raya Lambun Tsakani

Jawabin da Malam Azeez Sikiru, magatakardan Ƙungiyar Lambun Tsakani, ya yi a taron tunawa da marigayi Malam Nehemiya Zakka, a cikin lambun, a watan Satumba na 1954. An buga shi ne saboda waɗanda ba su sami halarta ba.

Mai girma wakilin hukumar En'e, ranka ya daɗe. Masu unguwanninmu na Fagge da shugabannin al'ummomin Sabon Gari, Allah ya ƙara girma. Malam Liman, Allah ya gafarta malam. Rabaran da dattawan majami'ar marigayi, muna gaishe ku. 'Yan kasuwa da ma'aikatan reluwe, da iyayenmu mata da kuka bar tukwane a murhu kuka taho, sannunku da zuwa. Sai waɗanda wannan rashi ya fi shafa: Inna Magret, matar marigayi, da 'yarsa Malama Lucia, da 'yan uwa da suka taso tun daga Zariya. Ina yi muku sallama irin ta addinina, assalamu alaikum. Ina kuma yi mana gaisuwar rashi baki ɗaya. Yaya haƙuri? Allah ya ba mu dangana.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Azeez. A nan Fagge aka yanke cibiyata, mahaifina kuwa daga Ogbomosho ya zo da fatauci, ya zauna. Ina da rumfar kwanuka da kananzir a Kasuwar Sabon Gari. Ciniki na iya, ban iya jawabi ba. Ƙungiya ce ta ce in yi magana da yawunta, don wai ni na fi daɗewa ina bin bayan Malam da guga. Saboda haka in kun ji na ce "mu", da ni da ku nake nufi.

Bayan an gama babban yaƙi na fara ganinsa. Wata rana da hantsi wani dattijo dogo, siriri, da malafa a kansa, ya tsaya a bakin rumfata ya ce garwa yake nema, wadda babu kananzir a ciki. Na ɗauko masa sabuwa fil. Ya juya ta, ya ƙwanƙwasa gindinta, ya miƙo mini.

Ya ce, "A'a, wadda ta huje nake so."

Na ce, "Baba, wa ke neman garwa mai yoyo?"

Ya ce, "Wanda zai zuba ƙasa a ciki, ba ruwa ba. In kana son gani, biyo ni."

Na bi shi. Nan ya kawo ni, inda kuke zaune. Matasan cikinmu ba za su yarda ba, amma wannan wuri juji ne a lokacin, tsohon kududdufi da aka cike da shara. Mutanen Fagge suna cewa na Sabon Gari ne, mutanen Sabon Gari suna cewa na Fagge ne, kowa kuma yana zuwa ya zubar da abin da ya dame shi. A tsakiyar wannan ƙazanta na tarar da tsofaffin garewani a jere, kowacce da ɗan tsiro a ciki. Ya riƙa nuna mini su kamar mai gabatar da 'ya'yansa ga baƙo: wannan maɗaci ne, wannan ƙirya, wannan ɗinya, wannan kuwa marke.

Malam Nehemiya Bazazzagi ne, ɗan gidan Kirista, manomi ɗan manomi. Ya yi ƙuruciyarsa da ƙarfinsa a aikin gandun daji, ya taka dazuzzukan Arewa da ƙafa, sannan ya ajiye aiki ya zauna a Sabon Gari. Abin da ya gani a Kano ya hana shi hutawa. Gari yana ƙaruwa, kowane murhu yana son itace, gonakin gyaɗa suna cin daji. Yakan ce, yaron da aka haifa a nan yau zai girma ya san dalar gyaɗa ta bakin tasha, amma ka nuna masa kanya da taura ba zai bambance su ba. Sai ya tara mu, mutane kaɗan daga unguwannin biyu, muka roƙi hukuma aron wannan juji. Aka ba mu bisa sharaɗi: ba na kowa ba ne, ba a sayar da kome a ciki, kuma mutanen Fagge da na Sabon Gari ne za su riƙe shi tare. Haka Lambun Tsakani ya samu.

Ya kasance mutum ne wanda ba ya wuce itace bai dube shi ba, kamar yadda mai ladabi ba ya wuce dattijo bai gaishe shi ba.

Ya kasance in mace ta zo neman sassaƙe don magani ba ya korarta. Yakan karɓi gatarin ya nuna mata ta ɗiba daga gefe ɗaya, kada ta kewaye gindin, sannan ya sa ta shafe wurin da laka da hannunta. Yakan ce, wanda ya ba ka magani ba ka barinsa da ciwo.

Ya kasance mai faɗa, wannan ma sai mun faɗa, don ba mala'ika muka zo tunawa ba. Wanda akuyarsa ta taɓa tsallake shingen nan ya san muryar Malam. Akwai masu awaki a wannan taro, ina ganin suna sunkuyar da kai. Amma ya kasance faɗansa ba ya kwana. Kafin magariba za ka gan shi a ƙofar gidanka da ganyen gawo a kafaɗa, ya kawo wa akuyar da ya zaga da safe.

Da zan bi shekarunsa ɗaya bayan ɗaya da sai rana ta faɗi muna nan. Shekara guda zan ɗauka, ta ƙarshe, don a cikinta ne muka san ko wane ne muke zaune da shi.

Kowa a nan ya san abin da ya faru a garin nan a watan Mayun bara. Ba zan tona shi ba. Waɗanda suka yi shekaru suna cin kasuwa ɗaya suka wayi gari suna farautar juna, wannan lambu kuwa yana tsakiya. Daga nan aka shigo, daga can aka shigo. Aka sassare itatuwan da suka fara tasawa aka yi kulake da su, aka tattake garewanin tsiro, aka ƙone rumfar da muke zama.

Malam yana da ɗa namiji tilo, Toma, akawu a tashar jirgi. Ranar da abin ya ƙazanta ya taso daga aiki, ya biyo ta nan don ita ce gajeriyar hanyar gida. A bakin shingen gabas aka tsinci gawarsa. Hausa yake yi kamar kowane Bazazzagi, tufafinsa kuwa wando da kwat irin na akawu. Har yau ba mai iya cewa ga ɓangaren da ya kashe shi. Mai yiwuwa waɗannan sun ga tufafinsa, mai yiwuwa waɗancan sun ji harshensa.

Ana zaman makoki, ina wurin, wani mutum ya matso kusa da Malam ya ce shi ya ga waɗanda suka yi, yana iya faɗin sunayensu. Malam ya ɗaga hannu ya ce, "Kada ka faɗa. In ka faɗa mini, daga yau akwai unguwar da ba zan iya gaisawa da mutanenta ba. Ni kuwa ina da mutane a kowacce." Mutumin ya so ya ƙara magana, Malam ya ce, "Allah ya gani. Ya ishe ni."

Bayan an share makoki ya aiko in raka shi lambu. Muka shigo da la'asar. Ko'ina kututture ne, an sare su daidai ƙugu. Ya yi ta tafiya har muka zo wurin wata kanya kusa da shingen gabas, wadda ba a bar mata kome ba sai gindi. Ya dafa wurin saran, ya daɗe yana shafawa.

Ya ce, "Azeez, ka san abin da ake yi da kanya mai wannan kauri."

Na sani, kulki ake yi da ita.

Ya ce, "Da hannuna na dasa ta. Toma ne ya riƙe mini ita ina tura ƙasa."

Jama'a, ban taɓa jin magana mai nauyin wannan ba. Na ce, "Baba, mu bar wurin nan. Ka yi iyakar naka. Ka koma Zariya cikin dangi ka huta." Muka fita, na raka shi har ƙofar gida.

Washegari da safe ina hanyar kasuwa na hango malafa a cikin lambu. Na leƙo, sai ga shi da fartanya yana tattara toka. Na ce, "Baba, me ke nan?" Ya ce, "Na yi tunanin maganarka. Itace bai san abin da aka yi da shi ba, mu muka sani. In na bar su suka mutu, na hukunta wanda ba shi da laifi."

Ba a jima ba wata matsalar ta taso. Wani attajiri, ba zan kama sunansa ba, ya ga fili ya zama kufai, ya nemi a ba shi ya gina siton gyaɗa. Ranka ya daɗe wakilin hukuma, kana zaune a nan, kai ne shaida. Kai da kanka ka zo ka gaya wa Malam gaskiya, cewa an ba da filin ne ga ƙungiyar unguwanni biyu, yanzu kuwa ba mutumin Fagge da ke taka nan, ba na Sabon Gari. In ƙungiya ta mutu, aro ya ƙare. Malam bai yi gardama ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni damina ɗaya da rani ɗaya. In ruwa ya sake sauka ka zo ka tarar da ni ni kaɗai, ni zan riƙe wa magina igiyar awo." Ka amince. Allah ya saka maka da alheri.

Daminar bara shi kaɗai ya yi ta, sai ni in kasuwa ta bar ni. Ya hana a tuge ko da kututture ɗaya. Yana bin su yana gyara bakin saran da wuƙa don kada ruwa ya kwanta a kai ya ruɓar, yana barbaɗa toka a gindinsu saboda gara. Kafin tsakiyar damina wasu suka fara toho. Amma mutane ba su dawo ba. Ko rijiyar nan da matan unguwannin biyu suka saba ɗiba an ƙaurace mata, saboda jita-jita ta bazu wai an zuba guba a ciki. A Fagge ana cewa 'yan Sabon Gari ne suka zuba, a Sabon Gari ana cewa 'yan Fagge ne.

Sai Malam ya bi gida gida ya ce mata su zo ranar Asabar da tulunansu, yana da magana. Suka zo, amma ba su shigo ba. Na Fagge suka tsaya a shingen yamma, na Sabon Gari a na gabas, kowane ɓangare yana hararar ɗaya. Malam ya zura guga, ya jawo, ya kafa kai ya sha har ruwa yana bin gemunsa. Ya ajiye ya ce, "To, ku je ku dawo gobe. In kun tarar da ni, ku ɗebi ruwa. In ba ku tarar da ni ba, kun huta da surutun tsoho."

A cikin matan Fagge akwai Yakaka, Babarbariya mai sayar da turaren wuta, ga ta can zaune, kun san ba ta tauna magana. Ta ce, "Kai Malam, tuwona ba zai jira gobe ba." Ta shigo, ta ɗauki gugan ta sha. Da ta gama ba ta mayar da shi rijiya ba. Ta taka har shingen gabas ta miƙa wa Philomena mai ƙosai, ta ce, "Karɓi. In mutuwa ce, mu tafi tare, mu ga wanda zai yi wa mazan nan girki." Philomena ta karɓa ta sha. Ran nan aka yi dariya a wannan lambu, karo na farko tun watan Mayu.

Da kaka ta yi ya shiga neman iri, don duk abin da ya tara a baya ya ƙone tare da rumfa. Kullum jirgi ya iso yana bakin tasha, yana roƙon ma'aikatan jirgi da fatake, wanda zai yi gabas ya zo masa da ƙwallon goriba, wanda zai yi kudu ya zo da 'ya'yan maɗaci da na kaɗanya. Ku tuna, a wannan tasha ɗansa yake aiki, kowane lungu nata yana tuna masa da shi, amma bai fasa zuwa ba. Aka riƙa ganinsa kuma a garken awakin Fagge a tsugune yana tsintar kashinsu. Wasu suka ce baƙin ciki ya taɓa tsoho. Ashe irin gawo yake nema, don ya ce ba ya tsirowa da kyau sai ya bi ta cikin akuya. Yakan yi dariya ya ce, "Sun ci mini tsiro shekara da shekaru, yau dai sun biya."

Saura rumfa, inda za a yi renon tsiro kada rana ta ƙone su. Onyekachi kafinta, wanda aka ƙone wa shago, ya riga ya tura iyalinsa gida, ya tsaya ne kawai ya tattara abin da ya rage na kayan aikinsa ya bi su. Malam ya same shi ya ce kafin ya tafi ya tayar masa da rumfa. Ya kuma sami Gana maƙeri na Fagge, wanda ƙaninsa ya rasu a rikicin, ya ce shi zai yi rufi. Da suka haɗu a nan, Onyekachi ya ja Malam gefe, amma muna ji.

Ya ce, "Baba, da mutumin Fagge za ka haɗa ni? Su suka ƙone mini shago."

Malam ya ce, "Ban san wanda ya ƙone maka shago ba, kamar yadda ban san wanda ya kashe mini ɗa ba. Abin da na sani, azarar nan mutum ɗaya ba ya ɗaga ta, ni kuwa na tsufa. In ba za ka kama da shi ba, sai in kama, bayana ya karye, ka ɗauke ni zuwa gida."

Ya sunkuya kuwa zai kama. Gana ya riga shi. Onyekachi ya tsaya jim, sannan ya kama ɗaya bakin. Haka suka gama rumfar nan ba wanda ya ce wa ɗan uwansa ko sannu, sai "miƙo" da "riƙe". Ba zan ce muku sun zama aminai ba, don ban zo nan in yi ƙarya ba. Amma Onyekachi bai tafi ba, iyalinsa sun dawo, kuma ga su can su biyu a benci ɗaya.

Rani shi ne ya fi ba mu wuya. Rijiya ta ja baya har guga yana dawowa da laka. Tsiron maɗaci da Malam ya fi ji da su, gara da ƙishi suka cinye fiye da rabi. Na gan shi yana zazzage garewaninsu ɗaya bayan ɗaya, ran nan kuwa bai ci abincin da aka kawo masa ba. A nan ne jama'a suka nuna sun dawo da gaske. Malam Liman ya sa aka ajiye duro a bakin masallaci, ruwan alwala ya daina bin rariya, almajiran ilimi da dattawa suna turo shi nan bayan azahar. Matan majami'a, in an tashi sujada ranar Lahadi, sukan biya famfo kowacce ta cika bokiti ta kawo, da kayan adonsu a jiki. Leburorin tasha sukan biyo da garwa biyu a sanda bayan sun tashi aiki. Ba wanda aka yi wa dole. Sun ga tsoho yana jan jiki da guga ne, kunya ta kama su, daga baya kunyar ta zama ƙauna.

A lokacin ne tari ya kama shi. Malama Lucia, ke da kike aikin jinya, kin gane tun kafin mu gane. Mun ji ki a bakin rumfar nan kina cewa, "Baba, so kake ka kashe kanka a kan itace?" Mun ji shi yana cewa, "Uwata, bari ruwa ya sauka. In an yi dashe zan kwanta, ki yi ta ba ni maganinki mai ɗaci har ki gaji." Kin yi iyakar ƙoƙarinki, kada ki taɓa zargin kanki. Mu da muke maza, muka fi ki shekaru, ba mu iya zaunar da shi ba.

Ruwa ya sauka, ƙasa ta jiƙa, aka sa ranar dashe. Doka ɗaya ya kafa: kowane rami mutum biyu, ɗaya daga Fagge, ɗaya daga Sabon Gari, ɗaya ya riƙe tsiro, ɗaya ya tura ƙasa. Wasu sun yi gunaguni, wasu ƙalilan sun juya sun tafi. Amma waɗanda suka tsaya sun cika lambun har garewanin tsiro suka kusa kasawa. Ana cikin aiki, ranka ya daɗe, ka iso. Ka tsaya a bakin ƙofa kana kallo. Ba ka tambayi ina ƙungiya ba. Ka naɗe hannun rigarka ka ce, "Malam, ina tawa?" Ya miƙa maka tsamiya, ya haɗa ka da wani leburan tasha. Da haka maganar sito ta mutu.

Ran nan an wuni ana yayyafi. Malam yana ciki tun safe har la'asar, yana bin rami rami, nan ya ce an zurfafa, can ya ce a danne ƙasa da dunduniya. Duk wanda ya ce ya shiga rumfa sai ya ce saura kaɗan. Daga nan ya koma gida da zazzaɓi, ciwon haƙarƙari ya biyo baya. Ya cika wa 'yarsa alkawari, ya kwanta, ya sha magani. Amma kwana ya ƙare. A watan Agusta Allah ya karɓi abinsa.

Na je duba shi ana saura kaɗan ya rasu, da rana, numfashi yana yi masa wuya. Na ɗauka zai yi mini wasiyyar shinge da ban ruwa. Sai ya kama hannuna ya ce, "Azeez, abu ɗaya. Kada ku matsa wa Magret ta zo lambun. Tun rasuwar Toma ba ta taka shi ba, ni ma ban taɓa ce mata ta zo ba. Ta ba wurin nan abin da ya ishe shi."

Inna Magret, ki gafarce ni da na faɗi wannan a bainar jama'a. Mun riƙe wasiyyarsa. Da za a shirya wannan taro mun aika miki cewa in kin fi so a yi a harabar majami'a, ko a ƙofar gidanki, can za a yi. Ke kika aiko cewa a yi a nan, kuma za ki zo. Yau da safe mun ga kin tsaya a bakin ƙofar can, kin daɗe, sannan kin shigo da ƙafarki. Inna, mun san abin da wannan taku ya ci miki. A gefen wannan lambu kika rasa ɗa, a cikinsa mijinki ya ƙarar da ƙarfinsa. Mu mun sami inuwa, ke kika biya. Shekara guda kina dafa abinci kina aikowa wurin da ba kya iya kallo, ba ki taɓa ce masa kada ya je ba. Ba mu da abin da za mu saka miki da shi. Amma ki sani, kina da 'ya'ya a Fagge, kina da 'ya'ya a Sabon Gari. Rufin ɗakinki in ya yi yoyo, akwai masu hawa. Rana ko damina, in kin aika, za a zo.

Malama Lucia, kin rasa ɗan uwa, kin rasa uba, ga uwa a hannunki. Nauyin ya yi wa mutum ɗaya yawa. Kada ki ɗauka ke kaɗai. Ƙungiya ta zauna ta yanke cewa kujerar mahaifinki a cikinmu taki ce, ranar da kika ga kin iya. In ba ki iya ba, ba mai ganin laifinki.

'Yan uwa na Zariya, in kun koma ku gaya wa dangi cewa ɗansu bai yi zaman baƙunta a Kano ba. Kun gani da idonku ranar jana'iza, yadda mutanen Fagge suka rufe rumfunansu suka bi gawarsa har bakin maƙabarta, suka tsaya cikin ruwa har aka gama.

Mu kuma da muka rage, aiki yana nan. Abin da aka dasa bana bai yi saiwar da zai tsaya da kansa ba, rani yana tafe, kuma babu sauran tsohon da za mu ji kunyarsa. Yanzu sai dai mu ji kunyar juna.

Ina godiya ga hukuma da ta tabbatar mana da wannan fili. Ina godiya ga Malam Liman da Rabaran da suka zauna a tabarma ɗaya yau. Ina godiya ga matan da suka yi girkin wannan taro, da samarin da suka share wuri, da duk wanda ya bar sana'arsa ya zo.

Ni Musulmi ne, Malam Nehemiya Kirista ne. Bai taɓa ce mini in bar nawa ba, ban taɓa ce masa ya bar nasa ba. Hukunci na Allah ne, ba a ba mu shi ba. Abin da aka ba mu shi ne shaida, Hausawa kuwa sun ce shaidar duniya ita ce ta lahira. Saboda haka ina tambayarku, mutanen Fagge da mutanen Sabon Gari, ku amsa da murya ɗaya iyalinsa su ji: mutumin nan, kun zauna da shi lafiya?

(Jama'a suka amsa: Lafiya lau.)

Ya cuci wani a cikinku?

(Jama'a suka amsa: Bai cuce mu ba.)

To, Inna, kin ji. Malama Lucia, kin ji.

Ya Allah, kai ma ka ji, kai ne kuwa mafi sani. Ga bawanka ya komo gare ka, ka san shi fiye da yadda muka san shi. Ka sanyaya zuciyar matarsa da 'yarsa, ka zama gatansu. Ka ba duk wanda ya yi rashi a garin nan haƙurin da ba ya ƙarewa. Ka tsare hannuwanmu daga jinin maƙwabci, ka tsare bakunanmu daga abin da ke jawo shi. Ka raya abin da aka dasa, ka raya yaran da za su zauna a ƙarƙashinsa. Mu kuma, in tamu ta zo, ka sa a sami waɗanda za su tsaya a kanmu su amsa irin wannan amsa, ba don kara ba, don gaskiya ce.

Amin.